Munduwar Tuna Ɓatattu: Sunan Matuƙin Jirgin Yaƙi a Wuyan Hannu

Ranar 31 ga Maris, 2021, Laraba ce, ranar da kasuwar shanu ta Potiskum take cika ta batse. Da la'asar sakaliya, lokacin da dillalai ke ƙirga cinikin yini, ana kuma loda shanu a tireloli domin tafiya Kudu, sai wani jirgin yaƙi na Rundunar Sojin Saman Najeriya ya ɓace wa na'urar da ke bibiyarsa a sararin samaniyar Jihar Borno, fiye da kilomita 200 gabas da garin. Da ƙarfe 5:08 na yamma aka yi masa ganin ƙarshe, kamar yadda kakakin rundunar na wancan lokaci, Edward Gabkwet, ya sanar. Jirgin ƙirar Alpha Jet ne mai lamba NAF 475, ya kuma tashi ne domin tallafa wa dakarun ƙasa da ke fafatawa da mayaƙan Boko Haram. Mutum biyu ne a cikinsa: Filait Laftanar John Abolarinwa da Filait Laftanar Ebiakpo Chapele.

Bayan kwana biyu Boko Haram ta fitar da wani bidiyo tana iƙirarin ita ta kakkaɓo jirgin. Rundunar ta musanta, ta ce haɗe-haɗe aka yi wa hoton. Daga nan aka shiga dogon shiru. Sai a ƙarshen Maris na 2022, shekara guda saura 'yan kwanaki, Rundunar Sojin Ƙasa ta sanar cewa dakarunta masu aikin share dajin Sambisa sun ci karo da tarkacen jirgin.

A tsawon wannan shekara labarai dubu sun zo sun wuce. Mutanen Potiskum, waɗanda direbobinsu ke ratsa hanyar Damaturu zuwa Maiduguri dare da rana, suna cikin masu cin moriyar sintirin irin waɗannan jirage. Amma da wuya a tsayar da mutum a tasha ko a bakin kasuwa ya iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikin matuƙan biyu. Wannan ba laifin kowa ba ne. Haka labari yake, sabo yana danne tsoho. Sai dai akwai wata al'umma da ta taɓa samun kanta a irin wannan hali, ta kuma ƙirƙiro wata 'yar dabara domin kada sunayen ɓatattun sojojinta su bi ruwa. Dabarar ita ce munduwa.

Cigiyar da ake ɗaura wa hannu

A shekarun 1960 Amurka ta yi ta ruwan bama-bamai a kan Biyetnam ta Arewa da Laos, an kuma harbo mata jirage masu yawa. Wasu matuƙan sun dira da lema aka kama su, wasu sun mutu nan take, wasu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Hukumomin Hanoi ba su fitar da cikakken jerin waɗanda ke hannunsu ba, saboda haka matar aure a Kalifoniya ko Texas kan shafe shekaru ba ta san ko mijinta yana numfashi ba. Da fari gwamnatin Amurka ta umurci iyalai su yi gum, bisa hujjar cewa surutu zai iya jawo wa fursunonin ƙarin azaba. Matan suka gaji. Sybil Stockdale, matar matuƙin jirgin sojin ruwa James Stockdale da aka harbo a Satumba 1965, ta shiga gaba wajen tattara su, har aka kafa ƙungiyar iyalan fursunonin yaƙi da ɓatattu ta ƙasa baki ɗaya a 1970. A Mayu 1969 ita kanta gwamnatin ta sauya shawara, ta fara maganar a bainar jama'a.

Cikin wannan yanayi ne wasu ɗalibai mata biyu a birnin Los Angeles, Carol Bates da Kay Hunter, suka haɗu da Bob Dornan, tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai gabatar da shiri a talabijin. Sun lura da wata munduwa a hannunsa, ya ce musu daga mutanen tsaunukan Biyetnam ya samo ta, tana kuma tuna masa da wahalar da yaƙi ke jefa mutane a ciki. Daga nan tunanin ya zo musu: me zai hana a ƙera munduwa mai ɗauke da sunan soja ɗaya da aka kama ko ya ɓace? Ƙungiyarsu ta ɗalibai, VIVA, ta karɓi aikin, aka ƙaddamar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 1970, ranar da Amurkawa ke tuna tsofaffin sojojinsu.

Munduwar ba ta da wani ado. Ɗan siririn ƙarfe ne lanƙwasasshe, buɗaɗɗe ta ƙasa, an zana masa abu uku: sunan sojan, da muƙaminsa, da ranar da aka kama shi ko ya ɓace. Ta farin ƙarfe dala 2.50 ce, ta jan ƙarfe dala 3. Wanda ya saya yakan ɗauki alkawari cewa ba zai cire ta ba sai mai sunan ya dawo gida, ko an kawo gawarsa, ko an ba da gamsasshen bayani a kansa. Kafin ƙungiyar ta rufe ayyukanta a 1976, an rarraba mundaye kusan miliyan biyar.

Bahaushe ya san cigiya. Idan akuya ta ɓace, ko yaro ya yi ɓatan kai a kasuwa, akan ba mai shela ya zaga, ko a kai sanarwa masallaci, ko a biya gidan rediyo ya faɗi suna da kama da wurin da aka yi gani na ƙarshe. Munduwar nan cigiya ce, sai dai ita ba ta ƙarewa da ƙarewar shirin rediyo. Tana hannun mai ita a aji, a wurin aiki, a cikin mota, duk wanda ya gani kuma sai ya tambaya: wane ne wannan? Amsar tambayar ita ce cigiyar. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne akasarin masu sanya ta ba su taɓa ganin mai sunan ba, ba danginsa ba ne, ba 'yan garinsu ba ne. 'Yar makaranta a wani ƙauye sai ta wayi gari tana riƙe da amanar sunan wani mutum da bai san da zamanta a duniya ba.

Bayan yarjejeniyar Paris ta 27 ga Janairu, 1973, aka fara sakin fursunoni a watan Fabrairu, jimilla aka mayar da Amurkawa 591 gida. Jaridu suka buga sunayensu, mutane suka riƙa duba jerin suna gwadawa da abin da ke hannunsu. Waɗanda suka ga sunan nasu sun cire mundayen, da yawa kuma suka aika wa masu sunan ta gidan waya. Cikin waɗanda suka dawo har da John McCain, matuƙin da aka harbo a kan Hanoi a Oktoba 1967, wanda daga baya ya zama sanata. Amma fiye da mutum 2,500 ba su cikin jerin, kuma ba a san inda gawarwakinsu suke ba. Masu riƙe da sunayensu suka ci gaba da sanyawa. Akwai waɗanda suka sanya tun suna 'yan makaranta, har suka yi jikoki munduwar tana nan.

Bai kamata a kambama abin fiye da ƙima ba. Sassaucin da fursunonin suka samu a kurkukun Hanoi ya fara ne a ƙarshen 1969, kafin a ƙera ko munduwa ɗaya. Wasu masana tarihi a Amurka ma suna ganin gwamnatin Nixon ta yi amfani da batun fursunoni wajen tsawaita goyon bayan jama'a ga yaƙin da suka riga suka gaji da shi. Sannan ita Biyetnam, wadda aka yi yaƙin a ƙasarta, ana ƙiyasta nata sojojin da suka ɓace da dubu 200 zuwa 300, kuma babu wanda ya ƙera musu munduwa a Los Angeles. Duk da haka akwai abin da ba a musu a kansa: matsin lambar iyalai da miliyoyin mutanen da suka riƙe sunaye ya hana gwamnatocin da suka biyo baya rufe littafin. Har yau Ma'aikatar Tsaron Amurka tana da hukuma guda, DPAA, wadda aikinta shi ne tonon wuraren da jirage suka faɗi, da gwada ƙasusuwa, da sanar da iyalai. Adadin waɗanda ba a gano ba daga yaƙin Biyetnam ya sauko zuwa ƙasa da 1,600.

Labarin Laftanar Michael Blassie ya nuna iyakar inda wannan naci ya kai. An harbo jirginsa ranar 11 ga Mayu, 1972, kusa da garin An Loc, yana da shekara 24. Bayan watanni aka tsinci wasu 'yan ƙasusuwa da kayan matuƙi a wurin, amma binciken wancan zamani ya kasa tabbatar da mai su, aka ajiye su a matsayin na wanda ba a sani ba. A 1984 aka binne su da gagarumin biki a Kabarin Sojan da Ba a Sani Ba da ke maƙabartar Arlington, Shugaba Ronald Reagan da kansa ya halarta. Wato ƙasa ta karrama shi, amma ta karrama shi ba suna. Iyalinsa ba su haƙura ba. A Mayu 1998 aka buɗe kabarin, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar cewa shi ne, a watan Yuli aka sake binne shi a St. Louis, garinsu, da sunansa a kan dutse. Ramin da aka ciro shi daga ciki an bar shi fanko har yau.

Satumbar 2014

NAF 475 ba shi ne na farko ba. Ranar Juma'a, 12 ga Satumba, 2014, wani Alpha Jet mai lamba NAF 466 ya tashi daga Yola da misalin ƙarfe 10:45 na safe, ana sa ran dawowarsa da ƙarfe 12 na rana. Bai dawo ba. Daraktan yaɗa labarai na Hedikwatar Tsaro a lokacin, Manjo Janar Chris Olukolade, shi ya sanar da ɓatansa. Lokacin ne Boko Haram ke kame garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Gwoza ta faɗi a Agusta, Bama a farkon Satumba, Michika ta biyo baya. A farkon Oktoba ƙungiyar ta fitar da bidiyon kisan wani mutum da ta ce matuƙin jirgin ne. Hukumomi sun musanta da fari, daga baya aka san cewa Win Kwamanda Chimda Hedima ne. Abokin tafiyarsa, Gurup Kyaftin Abdulrasheed Braimoh, aka lissafa shi cikin waɗanda suka ɓace a bakin aiki.

Potiskum ba ta samu sukunin yin dogon tunani a kan wannan labari ba, domin nata makokin yana tafe. Ranar 3 ga Nuwamba ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a cikin masu jerin gwanon Ashura. Bayan mako guda, ranar 10 ga wata, wani sanye da kayan makaranta ya shiga cikin ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati suna taron safe, ya hallaka kusan 50. Garin da ke haƙa kaburburan 'ya'yansa ba za a zarge shi da manta matuƙan jirgin da suka faɗi a wata jiha ba. Amma yaƙi ɗaya ne ya ci su duka.

Shi dai Alpha Jet jirgi ne mai kujera biyu da kamfanonin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka haɗu suka ƙera, asalinsa domin horar da matuƙa da kai ƙananan hare-hare. Najeriya ta sayi guda 24 a farkon shekarun 1980, sun yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, sannan aka ɗora musu nauyin yaƙin Arewa maso Gabas. Aikin tallafa wa dakarun ƙasa yana tilasta wa matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa, inda bindigar harbo jirgi ke iya samunsa. Idan ya dira da lema kuwa, cikin yankin abokan gaba zai sauka, shi kaɗai. Wani lokaci akan dace. A Yuli 2021 'yan bindiga sun harbo wani Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Filait Laftanar Abayomi Dairo ya dira, ya yi ta ɓuya yana tafiya cikin duhu har ya isa wani sansanin soja. Wannan shi ne irin labarin da ke hana iyalin ɓatacce fid da rai, kuma shi ne ke tsawaita musu azabar jira.

Tsakanin rai da mutuwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya mutu aka ga gawarsa, al'ada da addini sun shimfiɗa wa iyalinsa hanya: a yi masa sutura, a kai shi makwanci, a zauna karɓar gaisuwa, matarsa ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, a raba gado. Kiristoci ma suna da nasu tsarin na jana'iza da addu'ar bankwana. Kowane mataki yana rage wani abu daga nauyin da ke zuciya. Ɓatacce kuwa ba a yi masa ko ɗaya. Ba a zaman makokinsa, domin yin hakan kamar yanke masa hukunci ne; ba a kuma iya ci gaba da rayuwa kamar yana nan. Mai zuwa jaje ma ba ya sanin abin da zai ce: Allah ya jiƙansa, ko Allah ya bayyana shi?

Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan matsala, ya kira mutumin mafƙudi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci a Yobe da sauran Arewa ke bi, matar wanda ya ɓace takan kai maganarta gaban alƙali, a yi bincike, idan ba a samu labari ba a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba, daga nan ta sami damar yin aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye, wanda malamai da dama suka ƙiyasta da shekara 70 daga haihuwarsa. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai tun daga Sakkwato har Borno. Wanda ya ɓace a fagen fama an ware masa hukunci dabam mai gajeren wa'adi, domin zaton mutuwa a kansa ya fi ƙarfi. A ɓangaren dokar ƙasa, sashe na 164 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin mamaci idan an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji labarinsa ba su ji ba.

Waɗannan hukunce-hukunce suna warware maganar aure da gado da haƙƙoƙin aiki. Ba su amsa tambayar uwa ba: ina yake? Dokokin yaƙi na duniya sun amince cewa wannan tambaya haƙƙi ce. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya ambaci haƙƙin iyalai na sanin makomar 'yan uwansu, ya kuma ɗora wa masu yaƙi nauyin neman waɗanda aka ba da rahoton ɓatansu. A Yuni 2019 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2474, na farko da ya keɓanta ga mutanen da suka ɓace a lokacin yaƙi.

Kuma matuƙan jirgi ɗigo ne a cikin kogi. A Satumba 2019 Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya ta ce tana da rajistar 'yan Najeriya kusan 22,000 da suka ɓace sanadin rikicin Arewa maso Gabas, adadi mafi yawa da take da shi a kowace ƙasa a lokacin, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 yara ne sa'ad da suka ɓace. A 2022 adadin ya haura 25,000. Cikinsu akwai waɗanda aka sace, da waɗanda gudun ceton rai ya raba da iyayensu, da waɗanda aka kama ba a sake ganinsu ba. Yobe tana da nata sanannen suna: Leah Sharibu, ɗaya daga cikin 'yan mata 110 da aka sace a makarantar Dapchi ranar 19 ga Fabrairu, 2018, wadda aka riƙe bayan an dawo da akasarin sauran. An san sunanta a duniya ne domin an yi ta nanata shi. Dubban da ba a nanata nasu ba sun zama lamba a cikin rahoto.

Ko za ta karɓu a nan?

Najeriya tana da ranar tuna sojojinta, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar akan ƙaddamar da ɗan tambarin da ake maƙalawa a ƙirji, kuɗinsa domin tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka kwanta dama. Shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su yi haka a manyan biranen jihohi, ciki har da Damaturu, a saki tattabaru. Biki ne mai kwarjini, amma na jimla ne: ana tuna “'yan mazan jiya” a dunƙule, tambarin ba ya ɗauke da sunan kowa, bayan ranar kuma a cire shi a jefa a aljihun tebur. Munduwar Amurkawa ta bi akasin wannan hanya. Ta ɗauki suna ɗaya ta damƙa wa mutum ɗaya, ba tare da ranar cirewa ba.

Sai dai kwaso ta yadda take a kawo Potiskum zai gamu da cikas, kuma cikas ɗin na gaske ne. A al'adar Bahaushe da maƙwabtansa Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Kanuri, munduwa da awarwaro adon mata ne. Namiji ya san agogo da zoben azurfa. Abin da aka saba gani a hannun namiji mai kama da munduwa shi ne kambu, wanda ɗan dambe ko ɗan tauri ko mafarauci ke ɗaurawa a damtse domin neman tsari. Malamai kuma sun daɗe suna gargaɗi a kan ɗaura wani abu a jiki da imanin cewa zai kare mutum ko ya jawo masa alheri. Dattijon da ya shiga sahun salla da ƙarfe a wuyan hannu zai sha tambaya. Gaskiya ne munduwar tunawa ba ta iƙirarin kare kowa, rubutu ne kawai a kan ƙarfe, amma abin da sai an yi dogon bayani kafin a fahimce shi ya riga ya rasa rabin amfaninsa. A wajen matasa lamarin ya fi sauƙi, domin sun saba da zoben roba na hannu mai ɗauke da sunan ƙungiyar ƙwallo ko ɗan takara.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda Ba'amurke bai fuskanta ba a titunan ƙasarsa. A shekarun da rikici ya yi ƙamari, mahara sun riƙa tare hanyar Damaturu zuwa Maiduguri suna bincikar matafiya, suna neman duk wata alama ta aikin soja ko na gwamnati. A Benisheik kaɗai, a Satumba 2013, an kashe fiye da mutum 140. Direban Potiskum da ya san wannan tarihi yana da hujja idan ya ƙi ɗaura sunan hafsan soja da muƙaminsa a hannu. Haka nan idan ana zaton ɓataccen yana raye a hannun abokan gaba, yayata sunansa na iya tsananta halin da yake ciki, ko ya ɗaga farashinsa a wurin masu riƙe da shi. Shi ya sa tun farko maganar ta iyali ce: babu wanda ya isa ya buga sunan ɗan wani a kan ƙarfe ko riga ba da yardar gidansu ba.

To amma garin yana da nasa hanyoyin riƙe suna. Akan mayar wa jariri sunan kakansa ko baffansa, a riƙa kiransa Abba ko Baba saboda alkunya, sunan ya ci gaba da yawo a tsakar gida. Tun da ana yi wa mai rai takwara kamar yadda ake yi wa mamaci, yi wa ɓatacce takwara ba ya nufin an yanke ƙauna. Akan yi sadakar Juma'a da sunan mutum, a roƙa masa addu'a a masallaci ko a coci. Potiskum kuma gari ne na manyan motoci, kuma bayan tirela allo ne da ke zaga ƙasa daga Maiduguri har Legas da Fatakwal, ɗauke da kirari da addu'o'i da sunaye. Duk waɗannan suna yin aikin da munduwa ke yi, in ban da abu guda: kusan dukkansu a cikin dangi suke tsayawa. Uwa da mata da 'ya'ya su ke ɗauke da sunan, su kaɗai, har ƙarfinsu ya ƙare. Abin da ɗaliban Los Angeles suka ƙara shi ne shigo da bare cikin ɗaukar kayan. Gwamnati tana iya haƙurƙurtar da iyali ɗaya. Miliyoyin mutanen da ba su da alaƙar jini da ɓatacce, amma kowa yana tambayar suna guda, su ne suka sa aka ware kuɗi da ma'aikata ana tonon daji bayan shekara 50.

Wannan ne ɓangaren da Najeriya ba ta gina ba tukuna, kuma ba lallai sai da ƙarfe a hannu ba. Makaranta tana iya ɗaukar suna ɗaya, na soja ko na farar hula, ta riƙa ambatonsa a taron safe. Ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa tana iya yin haka, ta kuma riƙa aika wa hukuma takarda duk shekara tana tambayar inda bincike ya kwana. Ranar 30 ga Agusta, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin mutanen da aka ɓatar, da ranar 15 ga Janairu, dama ce ta karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya maimakon faɗin jimla. Jerin sunayen jami'an da suka ɓace a bakin aiki, wanda hukuma za ta fitar da yardar iyalansu ta kuma riƙa sabunta shi, shi ne tushen duk wannan. Ba a iya riƙe sunan da ba a bayyana ba.

Ga iyalan da ke da ɓatacce a Potiskum da kewaye, Fika ko Nangere ko Fune, ƙofar da ke buɗe ita ce ta sashen sada iyalai na Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wanda ke aiki tare da takwararta ta duniya, kuma ba a biyan ko kwabo. Jami'in zai cika takarda, ya karɓi hoto idan akwai. Tambayoyin farko da zai yi su ne cikakken sunan mutumin, da abin da yake yi, da rana da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. Da an ƙera wa matuƙan NAF 475 munduwa, abin da za a zana a kanta ke nan: John Abolarinwa ko Ebiakpo Chapele, Filait Laftanar, 31 ga Maris, 2021.